Kawar Da Kayan Aiki Daga Fuskar Kwamfuta Domin A Ga Hoto Da Kyau

Duk wanda ya taɓa leƙa shagon masu gyaran hoto da na'ura mai ƙwaƙwalwa, ko a Shomolu ta Ikko inda maɗaba'u suka yi cincirindo, ko a wani lungu na Kano ko Kaduna, ya san yadda fuskar kwamfutar mai aikin ta kan kasance. Hoton amarya ko na ɗan takara yana can tsakiya a takure, alhali kuwa sama da shi akwai jerin umarni hawa biyu ko uku, a hagu ga kayan aiki a jere kamar na wanzami, a dama kuma akwatuna sun hau kan juna. Abin da aka zo dominsa, watau hoton, shi ne ya fi kowa rashin wuri. Filin wannan mako zai duba yadda a ke sauya yanayin allo domin a kawar da wannan tarkace, da kuma wani haɗari da ke ɓoye cikin yin hakan, wanda ya kan jawo asarar takarda da tawada da kuɗin mutane.

Abin mamaki shi ne, manhajar da ta fi shahara wajen wannan aiki, watau Photoshop, asalinta ba ta da wani aiki sai nuna hoto. A shekarar 1987 wani ɗalibi mai neman digirin dakta a Jami'ar Mishigan ta Amurka, Thomas Knoll, ya rubuta wata 'yar manhaja domin kwamfutarsa ƙirar Macintosh Plus ta iya nuna hoto mai launin toka-toka, domin allonta baƙi da fari kaɗai ya sani. Sunan da ya sa mata shi ne Display, ma'anarsa nunawa. Ɗan'uwansa John Knoll, wanda ke aiki a kamfanin dabarun sinima na Industrial Light and Magic, shi ya zuga shi su faɗaɗa ta, har kamfanin Adobe ya fito da ita kasuwa cikin watan Fabrairu na 1990. Tun daga ran nan kowace sabuwar fitowa sai ta zo da ƙarin kayan aiki, kowane kayan aiki kuwa yana neman wurin zama a kan allo.

Bari a yi ɗan lissafi domin mai karatu ya ga girman al'amarin. Yawancin kwamfutocin cinya na hannu da a ke sayarwa da rahusa, allonsu yana da ɗigo 1366 a faɗi da 768 a tsaye. Hoton da wayar hannu mai megafiksel 12 ta ɗauka kuwa yana da ɗigo 4000 a faɗi da 3000 a tsaye. Ko da an ba hoton allon duka, daga sama har ƙasa, ba zai bayyana ba sai an rage shi zuwa wajen kashi 25 cikin 100 na girmansa. To, a ce jerin umarni da sunan fayil da layin ƙasa sun cinye wuri har saura ɗigo 550 a tsaye, sai hoton ya koma wajen kashi 18 cikin 100. A baki bambancin kamar ba shi da yawa, amma in aka auna fili, faɗi sau tsawo, hoton da ya cika allo ya kusa ninka na takuren sau biyu. Ƙurji a goshi, ko zaren da ya fito daga gefen gyale, ko sandar wutar lantarki da ta tsiro daga bayan kan ango, sau da yawa a cikin wannan rabin da aka rasa su ke ɓuya.

Domin haka ne masu Photoshop suka tanadi yanayin allo iri uku. Na farko shi ne na yau da kullum, wanda a ke tarar da shi in an buɗe manhajar, kome yana wurinsa. Na biyu ya kan kawar da sunan fayil da sandunan gungurawa da layin Windows na ƙasa, amma ya bar jerin umarni na sama da akwatunan aiki. Na uku kuwa ba ya barin kome sai hoton, a tsakiyar baƙin fili. Mabuɗin dukkansu harafi ɗaya ne, watau F. A taɓa shi sau ɗaya a shiga na biyu, a sake taɓawa a shiga na uku, a ƙara a dawo gida. Wanda ya haɗa Shift da F zai bi zagayen ta baya. Wanda kuma bai saba da madannai ba, zai sami ukun a ƙarƙashin umarnin View, inda aka rubuta Screen Mode, ko kuwa a alama ta can ƙarshen jerin kayan aiki na hagu. A fitowar 2007, wadda a ke kira CS3, an taɓa ƙara na huɗu, amma bai daɗe ba aka janye shi a fitowar da ta biyo baya.

Akwai kuma madannin Tab, wanda aikinsa dabam ne da na F, ko da ya ke sababbin shiga su kan rikita su. Shi Tab ba ya sauya yanayin allo, abin da ya ke yi shi ne ya ɓoye akwatuna da kayan aiki baki ɗaya, in an sake taɓa shi ya maido su. In an haɗa shi da Shift, sai akwatunan dama kaɗai su tafi, kayan aikin hagu su tsaya. A yanayi na uku, inda ba a ganin kome, mutum na iya kai linzamin kwamfuta bakin allo na hagu ko na dama, sai abin da ke ɓoye a nan ya leƙo, da ya janye hannu ya koma. Wanda ya riƙe dogon madannin nan na ƙasa, mai ba da tazara tsakanin kalmomi, zai iya jan hoton duk inda ya so, har ya kawo kusurwarsa tsakiyar allo ya gyara ta a natse. Ƙwararru da yawa a nan su ke wuni, domin sun haddace haruffan kayan aiki, B na buroshi, V na matsarwa, Z na ƙara girma, ba su bukatar su ga alamarsu.

Ba Photoshop kaɗai ke da wannan dabara ba. A GIMP, wadda wasu ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, Spencer Kimball da Peter Mattis, suka soma a 1995, kuma har yanzu kyauta a ke samunta, F11 shi ke cika allo, Tab kuma ya ɓoye akwatuna. A CorelDRAW, wadda masu katin biki da kalanda na ƙasar nan suka fi sabawa da ita, F9 shi ke nuna aikin shi kaɗai. Lightroom, wadda ta fito a 2007, ita tata hikimar ta fi armashi: harafin L ya kan dusashe duk abin da ke kewaye da hoton kamar an rage fitila, in an sake taɓawa ya kashe fitilar ɗungum. Sai dai a lura, tun fitowarta ta 5 a 2013 aka sauya wa F aiki a cikinta, ya zama na nuna hoto cike da allo kawai, zagayen yanayin allo kuwa ya koma kan Shift da F. Wanda ke tsalle tsakanin manhajojin biyu ya kan sha wannan tuntuɓe.

Duk wannan abu ne mai sauƙin koyo, rabin sa'a ya isa. Inda maganar ta ke da nauyi shi ne launin filin da ke kewaye da hoton. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, gaskiya ne kuwa, sai dai ƙimar da ya sani ta kwatance ce. Ido ba ya auna haske shi kaɗai, kullum yana gwada abu ne da maƙwabcinsa. Duk macen da ta taɓa ɗaukar atamfa daga cikin rumfa a Kantin Kwari ta fito da ita rana kafin ta biya, ta san wannan ba tare da an karanta mata littafi ba.

Wanda ya fara tsara wannan sani a rubuce shi ma daga marina ya faro. A shekarar 1824 aka naɗa wani masanin haɗa magunguna, Michel Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris na Faransa. Ya tarar ana ta kuka cewa baƙin zaren da marinar ke fitarwa ba shi da ƙarfi, musamman in an saƙa shi kusa da shuɗi. Ya gwada rinin ta kowace hanya, ya tarar ba shi da aibi. Laifin na ido ne, domin launin da ke gefe shi ke sauya yadda a ke ganin baƙin. A 1839 ya buga littafinsa a kan wannan ƙa'ida, masu zane na Turai kuma suka ɗauke ta hannu bibbiyu. Mutumin ya yi tsawon rai, sai da ya shekara 102 kafin ya rasu a 1889, bai kuwa san cewa wata rana yaro a shagon buga katin suna zai yi fama da matsalar masaƙansa ba.

A 1967 wasu masu bincike biyu na kamfanin Kodak, Bartleson da Breneman, suka auna abin a kan hotuna. Suka nuna cewa in aka kewaye hoto da duhu, wuraren da ke da duhu a cikinsa su kan yi kamar sun fi haske, bambancin da ke tsakanin haske da duhu kuma ya yi kamar ya ragu. In kuwa aka kewaye shi da fari, sai inuwoyinsa su ƙara nutsewa. Shi ya sa tun da can a kan ƙara wa fim na sinima kaifin haske da duhu fiye da hoton takarda, domin shi a ɗaki mai duhu a ke kallonsa.

To, ga yadda wannan ke zama asara. Mai gyara ya taɓa F sau biyu, hoton amarya ya fito a tsakiyar baƙin fili yana walƙiya, domin kome ya kan yi haske in an ajiye shi cikin duhu. Sai ya ga ai hasken ya isa, har ma ya so ya yi yawa, ya ɗan rage. Ya dubi inuwar ƙarƙashin gyale da gashin ido, ya ga kamar sun yi fatsi-fatsi, ya ƙara musu baƙi. A kan allo aiki ya yi kyau ƙwarai. Amma takardar da za a buga hoton a kai fara ce, ba ta kuma fitar da haske daga jikinta kamar allo, sai abin da fitilar ɗaki ta ba ta. Da an buga sai fuska ta fito da duhu, idanu su nutse, leshin fari kaɗai ke ƙyalli. Wannan matsala ta fi tsanani ga hotunan baƙar fata, domin launin fatar yana zaune ne daidai wurin da ɗan ƙarin baƙi kaɗan ke shafe kamanni. In kuma a takardar jarida za a buga, wadda ke shan tawada kowane ɗigo ya bazu ya ƙara faɗi, sai duhun ya ninku. Kalanda dubu ko katin gayyata ɗari biyar da suka fito haka, ba mai karɓarsu da daɗin rai, daga nan kuma sai gardama ta tashi tsakanin mai gyara da mai injin bugawa, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi.

Maganin bai da tsada. In aka kai linzami kan filin da ke wajen hoton aka danna maɓallinsa na dama, wani ɗan jeri zai fito mai ba da zaɓi tsakanin baƙi da toka mai duhu da toka matsakaiciya da toka mai haske, har da launin da mutum ya ga dama. Kowane yanayi daga cikin ukun yana riƙe nasa launi, saboda haka ana iya mai da na uku ya zama toka maimakon baƙi, ya zauna haka. Wanda zai haɗa tokar da kansa ya tabbata lambobi uku na ja da kore da shuɗi sun zo daidai da juna, misali 128 kowannensu, domin in ɗaya ya rinjayi sauran to filin ya sami launi ke nan, ido kuwa zai ɗora kishiyar wannan launi a kan hoton. Masu ƙawata allonsu da shuɗi ko ruwan hoda domin sha'awa, suna saya wa kansu wahalar masaƙan Faris ne da kuɗinsu.

Shawarar da ta fi dacewa ita ce a yi aikin haske da launi a kan toka matsakaiciya, sa'an nan kafin a sallami hoto a duba shi a kan irin filin da zai zauna a kai. Wanda za a buga a takarda a duba shi a kan fari, a ba ido kamar minti ɗaya ya saba, in fuska ta nutse a ɗaga ta. Wanda za a haska a bango a zauren taro, ko a sa shi cikin fim, shi ne baƙin fili ya dace da shi. Na wayar hannu kuwa sai an duba shi ta fuska biyu, tun da wasu sun sa wayoyinsu a farin shafi wasu a baƙi. A cikin saitin manhajar, sashen da aka rubuta wa Interface, ana iya kuma zaɓar a zagaye hoton da siririn layi. Wannan yana da amfani in hoton dare ne, domin baƙin hoto a kan baƙin fili ba a sanin inda ya ƙare, sai a yanka ba daidai ba.

Kamfanin Adobe da kansa ya sauya ra'ayi a kan wannan batu. Shekara ashirin da 'yan kai jikin Photoshop toka ne mai haske, sai a fitowar CS6 ta 2012 aka mai da shi mai duhu, bisa hujjar cewa ido zai fi tsayawa kan hoton. Hujjar ba ta da laifi, kuma duhun ya fi sauƙi ga wanda ke aikin dare. Amma an bar wa mai aiki matakai huɗu daga duhu zuwa haske ya zaɓa, wanda kuwa yawancin aikinsa na maɗaba'a ne ba shi da dalilin tsayawa kan wanda aka zaɓa masa daga Amurka.

Fili na kan allo ma rabin magana ne, domin ɗakin da a ke zaune shi ma fili ne. Ƙa'idar duniya mai lamba ISO 3664, wadda manyan maɗaba'u ke bi, ta ce a duba aikin bugu ƙarƙashin farin haske mai kama da na rana, wanda a ke kira D50, abin da ke kewaye kuma ya zama toka marar ƙyalli. Ƙaramin shago ba zai iya sayen akwatin fitila irin nasu ba, amma zai iya kauce wa ajiye kwamfuta tana fuskantar taga, ya kuma guji fentin bango kore shar ko ruwan lemo a bayan allo. Masu aikin bugu su kan rage hasken allonsu ƙwarai da yadda ya zo daga kanti, domin allon da aka ƙure wa haske ƙarya ya ke yi wa mai shi. Har ila yau akwai wani saiti da Windows 10 ta zo da shi a 2017, mai jirkita allo zuwa ruwan ɗorawa da dare domin hutar da ido. Wanda ya gyara launin fata alhali wannan saiti na kunne, da safe zai tarar da mutanensa sun yi shuɗi-shuɗi.

Akwai kuma batun amana. Ya zama al'ada in mai hoto ya zo karɓar aiki, a juya masa allo a taɓa F sau biyu, hoton ya fito shi kaɗai cikin baƙi. Kawar da akwatuna a nan daidai ne, domin Hajiya da ta zo ganin hoton 'yarta ba ta da bukatar ganin kayan aiki. Amma baƙin fili ɗan kwalliya ne, ya kan sa hoto ya fi yadda zai fito a takarda kyau. Mai sana'ar da ke son ciniki ya ɗore gara ya nuna a kan fari, ya ce, "Hajiya, kusan haka zai fito," ko ya buga ƙaramin gwaji guda ta gani da idonta kafin a saki injin.

Yanayi na uku yana da nasa tarko. Na farko ya fi kama almajiran sana'a: yaro na rubutu, bai lura ya fita daga wurin rubutun ba, hannunsa ya taɓa F, nan take kome ya ɓace. Da yawa su kan ɗauka na'urar ce ta lalace, su kashe ta da ƙarfi kafin maigida ya dawo, aikin da ba a adana ba ya tafi. Alhali madannin Esc kaɗai ya isa ya maido da kome, ko kuwa a ƙara taɓa F. Wannan ya kamata ya zama darasin ranar farko.

Na biyu ya fi kama ƙwararru. Sunan fayil da ke sama ba ado ba ne, shi ke faɗin ko hoton yana tsarin launin allo ne ko na tawada huɗu ta maɗaba'a, da kuma shimfiɗar da a ke aiki a kai. In ya ɓuya, mutum na iya shafe rabin sa'a yana goge-goge a kan asalin hoton yana zaton kwafi ne. Haka kuma layin Windows na ƙasa, inda agogo da alamar batir su ke, shi ma ya kan tafi. A ƙasar da a kan ɗauke wuta ba sallama, mai kwamfutar cinya na iya nutsewa cikin aiki bai san caji ya yanke ba sai gargaɗin ƙarshe ya fito. Tun 2012 Photoshop ta kan ajiye kwafin ceto da kanta kowane minti 10, ana kuma iya rage shi zuwa 5 a cikin saiti, amma wannan bai kai Ctrl da S da mutum ya danna da hannunsa ba.

Sa'an nan kada cikar allo ta sa a ɗauka an ga kome. Lissafin da aka yi a baya ya nuna cewa ko a yanayi na uku, hoto mai ɗigo miliyan 12 a kan allo mai tsayin 768 ɗigo ɗaya ne cikin kowane 15 ke bayyana, sauran na'ura ce ta dunƙule su. Tsarin hoto da daidaiton haskensa a nan a ke hukunta su. Amma kaifin ido, da tsakuwa-tsakuwar da hoton dare ke yi, da gefen gashi inda aka yanke mutum daga bango, ba sa bayyana sai an danna Ctrl da 1, hoton ya koma girmansa na ainihi, a riƙe dogon madanni a bi shi kusurwa kusurwa. In an gama, Ctrl da 0 shi ke maido da shi daidai faɗin allo.